Ka jona wayar tirela, fiyus ya ƙone, mota ta ƙi tashi: daga ina za a fara?

Yau maganarmu a kan ƙaramar tirela ce, irin wadda ake ɗaura wa Hilux ko wata jif a baya don jan janareta ko tankin ruwa. An jona mata fitilu, an taka birki don gwadawa, sai aka ji ɗan "tas". Aka murɗa makulli, shiru.

Kafin komai, cire fulogin tirelar daga jikin motar. In ka bar shi a jone, duk fiyus ɗin da ka saka zai bi ɗan'uwansa, domin abin da ya ƙona na farkon yana nan. Yawanci waya ce ta goge ta taɓa ƙarfe, ko ruwa da tsatsa sun shiga soket, ko kuma an juya wayoyin wajen jonawa. A fulogi mai baki huɗu irin na motocin Amurka, fara ita ce negatif da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, ruwan ƙasa ta fitilun dare, rawaya hagu, koriya dama. Tsarin Turai daban yake. To ka ga wanda ya bi launi kawai bai gwada da testa ba, yana iya ɗaukar waya mai wuta ya kai ta kan ƙarfe.

Wani zai ce, to ina ruwan fitilar baya da tashin inji? Akwai ruwa kuwa. Motar otomatik da ake tayarwa da maɓalli ba ta yarda ta tashi sai ƙwaƙwalwarta ta samu labarin cewa ƙafarka na kan birki. A motoci da yawa labarin nan ta layin fitilar birki yake biyowa, kuma layin da mai riwaya ya yanka ya jona wa tirela ke nan. Fiyus ɗinsa ya tafi, kana danna birki iya ƙarfinka, mota tana ganin ba ka taka komai ba. Shi ya sa ma a otomatik za ka ga giya ta maƙale a P ta ƙi fita. A Toyota, duba wanda aka rubuta wa STOP a murfin akwatin fiyus. Gwaji mai sauƙi: ka taka birki, wani ya tsaya a baya ya gani ko fitilun sun kawo.

Sannan ka saurari motar. In dashbod ya mutu ɗungurungum, ko fitila ɗaya babu, je kan batir. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna wajen bolt 12.6 a mita. Ya sauka ƙasa da 12, to ya yi rauni, wataƙila wayar tirelar ce ta kwana tana zuƙe shi. In batir lafiya lau, duba babban fiyus da ke kusa da shi, mai ɗaukar amfiya 100 ko fiye, wanda sau da yawa da noti aka ɗaure shi, ba a zare shi da hannu. In kuma kik yana juya inji amma bai kama ba, sai ka nemi na famfon mai da na ƙwaƙwalwar inji, a Toyota su EFI, IGN da AM2.

Abin da mutane ke mantawa: akwatin fiyus ba ɗaya ba ne. Akwai na cikin bonet, akwai wani a ƙarƙashin dashbod wajen gwiwar direba. Kuma ido yana yaudara, fiyus kan tsinke a inda ba ka gani. A bayan kowanne akwai 'yan ƙarafa biyu ƙanana. Kunna makulli, taɓa kowanne da testa. Gefe ɗaya wuta, ɗayan babu, ya mutu.

Wajen sauyawa, lamba ɗaya za ka mayar. Ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Don Allah kar ka yarda a cusa maka 30 a gurbin 10, balle a naɗa siririyar waya ko takardar kwalin sigari a ce "haka ma zai yi". Fiyus an yi shi ne ya ƙone kafin waya ta ɗauki zafi. Ka hana shi ƙonewa, wayar da ke cikin dashbod ce za ta narke a madadinsa, daga nan kuma sai hayaƙi.

In tirela a cire take amma sabon fiyus ya sake tashi nan take, matsalar tana jikin motar, galibi daidai inda aka yanka aka jona, a bayan fitilar baya ko ƙarƙashin bamba. Wannan kam aikin mai riwaya ne. Ka ce masa ya ba tirelar nata layin daga batir, da nata fiyus da rile, yadda in ta sake yin shot ita kaɗai za ta yi duhu, motarka ta tashi abinta.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, ya faɗi irin motar da shekararta. Sai shiri na gaba, in Allah ya kai mu.