Faifan farko na Earth, Wind & Fire: tun kafin duniya ta san su

A shirin kiɗe-kiɗen duniya na wannan mako mun sa wani tsohon faifai, sai wasu suka bugo waya suna cewa anya kuwa Earth, Wind & Fire ce, masu waƙar "September"? To, su ɗin ne. Amma ba mutanen ba ne. Ga yadda abin yake.

Mai ƙungiyar, Maurice White, haifaffen Memfis ne a Amurka, a 1941. Makaɗin ganga ne. Ya yi aikin ƙodago a kamfanin faifai na Chess a Shikago, yana yi wa wasu mawaƙa kiɗa, daga baya ya bi ƙungiyar Ramsey Lewis. A 1970 ya koma Los Anjeles, ya kira ƙanensa Verdine mai kaɗa jitar bes, suka haɗa mutum 10.

Farkon 1971 kamfanin Warner Bros. ya fitar da faifansu na farko, mai ɗauke da sunan ƙungiyar. Waƙoƙi 7 ne kacal, duka-duka ba su cika rabin awa ba. Kiɗan fonk ne da sol. Fonk, nauyinsa na kan ganga da bes, ƙahoni na sara a kai. Shi kuwa sol, salon rera waƙa ne da ya samo tushe daga majami'un baƙar fatar Amurka. In kun kasa kunne ga "Bad Tune" za ku ji wani sauti kamar ɗigar ruwa. Kalimba ke nan, kayan kiɗan Afirka, 'yar'uwar agidigo: ƙarafa sirara a kan katako, ana taɓa su da manyan yatsu.

To me ya sa muryoyin suka yi muku baƙunta? Domin Philip Bailey, mai siririyar muryar nan da kuka sani, bai shigo ba tukuna. A lokacin Wade Flemons, Don Whitehead da Sherry Scott ne ke waƙa tare da Maurice.

Kasuwa fa ba ta yi wani armashi ba. Faifan ya tsaya a lamba ta 24 a jerin faya-fayan sol na mujallar Billboard. Suka sake fitar da na biyu, "The Need of Love", kafin shekarar ta ƙare, sannan saɓani ya shiga, ƙungiya ta watse. Aka bar Maurice da ƙanensa.

Nan ne batun yake. Wanda garkensa ya ƙare ya san abin da ake nufi da fara kiwo da saniya ɗaya. Maurice bai sauya suna ba, bai ajiye kalimba ba, bai bar ƙahoni da waƙoƙin kira ga zaman lafiya ba. Mutane ya sauya. A 1972 ya ɗauko matasa irin su Bailey, Larry Dunn da Ralph Johnson, suka koma kamfanin Columbia. Sai a 1975 waƙarsu "Shining Star" ta hau lamba ta ɗaya a Amurka, shekara huɗu bayan faifan farko.

Mako mai zuwa za mu sa "Fan the Fire" da "Shining Star" a jere, ku ji da kunnenku abin da ya sauya da abin da bai sauya ba. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya tsare dabbobi.