Daga Sanyin Jos Zuwa Gaban Alƙalan Kiɗa a Legas

Matashin Jos da ya taso yana busa begila a badujalar coci, ko yana kaɗa gogen Turawa, idan ya ƙudurta shiga babbar ƙungiyar makaɗa, galibi Legas zai dosa, inda ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983 take da makaranta a Onikan. Gwajin na 'yan mintoci ne: alƙalai su saurari abin da ya shirya, sannan su miƙa masa rubutaccen kiɗan da bai taɓa gani ba.

Yanayi ma abokin hamayya ne. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200. Hunturunta kan busar da katakon goge har tsirkiya ta saki, laimar Legas kuwa ta kumbura shi. Mai hankali kan isa da kwana biyu.

Amma kaɗawa daidai ba ta wadatar ba, alƙalai na neman jin inda makaɗi ya ja numfashi, inda ya sassauta, inda ya yi shiru. Jasawa sun san wannan a gida: marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak yake sa taro ya yi tsit.