Wanda Nisa Ya Tsare da Wanda Maƙwabta Za Su Tsare

A 1819 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, William Smith, ya hango tsibiran Shetland ta Kudu a gefen Antatika. Kafin shekara uku mafarauta sun kusa ƙarar da sil, dabbar tekun da ake kashewa don fatarta. Sun tafi sun bar bukkokin duwatsu, tukwanen ƙarfe da takalma. A Livingston, ɗaya daga cikin tsibiran, har yau kayan suna nan, yankinsa na Byers kuwa ba a shiga sai da izini.

Mu ma muna da namu a Birnin Kudu da ke Jigawa: zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda mai bincike Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950, ga kuma duwatsu masu amo idan an buga su. Suna cikin kayan tarihin da dokar ƙasa ta kare.

A takarda duka biyun a tsare suke. Amma mai gadin na can na gaskiya shi ne nisa da sanyi. Babu gari, babu mai neman fili, babu tifa. Yarjejeniyar Madrid ta 1991 ta hana haƙar ma'adinai a Antatika, a shekarar da Dutse ta zama babban birnin Jigawa, gine-gine suka tashi, dutse ya zama kuɗi. Mai fasa dutse ba mugu ba ne, abinci yake nema. Sai dai zanen da guduma ta taɓa ya tafi ke nan, haka wanda yaro ya rubuta sunansa a kai da gawayi, ko hayaƙi ya turnuƙe.

Duk da haka ban yarda na can ya fi mu sa'a ba. Bukkar mafarauci ba ta da magaji. Idan igiyar teku ta cinye ta, sai bayan shekaru wani mai bincike zai lura. Namu yana da dattawan da suka san sunan kowane dutse, da masarauta, da Jami'ar Tarayya a Dutse.

Hana shiga irin na Byers ba zai yi aiki a nan ba. A ba mutanen unguwa gadin da albashinsa, a riƙa kai 'yan makaranta su gani da idonsu.