Idan Doka Ta Yi Shiru, Me Alƙali Zai Yi?

A 1889 wata shari'a ta zo gaban babbar kotun jihar New York a Amurka. Wani matashi, Elmer Palmer, ya sa wa kakansa guba don kada tsohon ya sauya wasiyyar da ta bar masa dukiya. Dokar wasiyya ba ta ce uffan ba game da magajin da ya yi kisa. Duk da haka mafi rinjayen alƙalan suka hana shi gadon, bisa ƙa'idar cewa mutum ba ya cin ribar laifinsa. Ɗalibin fiƙihu ba zai yi mamaki ba, tunda mai kisan ganganci ba ya gadon wanda ya kashe.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a nan. H.L.A. Hart na ganin idan kalmomin doka suka gaza, zaɓi ya rage ga alƙali. Ronald Dworkin ya ce sam: irin waɗannan ƙa'idoji ma doka ne, alƙali nemo amsa yake yi, ba ƙirƙiro ta ba. Ni dai na fi karkata ga Hart, domin alƙalai biyu a kotun sun goyi bayan Elmer, kuma dokar nan ɗaya suka karanta.