Sensa Ta Mutu a Tenere: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 motocin Hilux da Land Cruiser suka yawaita a hanyar Agadas zuwa Dirku, wata magana ta zama ruwan dare a bakin direbobi: wai mota mai kwamfuta ba ta hamada ba ce, da zarar sensa ɗaya ta mutu sai dai a bar wa rairayi ita. Maganar ba ta rasa tushe ba. Tsohon injin 1HZ na Toyota, mai lita 4.2 wanda ya fito a 1990, famfonsa na ƙarfe ne zalla, ba ya jiran umarnin kwamfuta kafin ya ba da mai. Injin D-4D na Hilux kuwa, kwamfuta ce ke yanke lokacin da kowace nozul za ta fesa gas, ita kuma da sensa take gani. Idan sensar karanshaf ta mutu, kwamfuta ba ta san inda fistin yake ba, don haka a yawancin irin waɗannan injuna ko an kwana ana murza makulli mota ba za ta tashi ba. Wannan gaskiya ce, kuma shi ya sa ya kamata wannan ƙaramar sensa ta kasance cikin kayan safaya, kusa da bel da filta.

Inda maganar ta kauce hanya shi ne ɗaukar dukkan sensa a matsayin abu guda. Yawancinsu ba sa kashe mota. Idan sensar da ke auna iskar da injin ke shaƙa ta rikice, ko ta matsin turbo, kwamfuta kan koma kan lissafin da aka ajiye mata tun daga masana'anta, ta rage ƙarfi, mota ta riƙa jan ƙafa amma tana tafiya. Direban da bai san haka ba sai ya ɗauka injin ya gama yawo, alhali da gangan aka tsara hakan don kare shi. Sensar birkin ABS da ke jikin ƙafa ma haka take: in ta mutu fitila za ta kama, na'urar hana sulɓi za ta daina aiki, amma birki na nan daram. Abin lura dai, motar da ƙarfinta ya ragu ba za ta hau tudun rairayi yadda ta saba ba, sai an sassauta iskar taya an kuma rage mata kaya.

Akwai kuma ji-ta-ji-tar cewa cire kan batir na minti kaɗan yana gyara komai. Abin da yake yi a wasu motoci shi ne goge lambar laifin da kwamfuta ta rubuta, fitila ta mutu, sannan ta dawo bayan ɗan tafiya tunda cutar na nan. Wanda ya yi haka kafin ya karanta lambar ya kori shaidar da zai tambaya ke nan. Sau da yawa ma ita sensar lafiyarta ƙalau. Gargadar hanya ce ta sassauta soket, ko waya ta goga da ƙarfe har fatarta ta saɓule, ko ƙura ta bi ta gefen filtar iska da ba ta zauna daidai ba ta lulluɓe siririyar wayar da ke cikin sensar. Duba fis, zare soket a hure shi a mayar, bin waya da yatsa daga kai har gindi, duk aikin da ba ya buƙatar gareji ne. Ita wannan siririyar waya kuwa ba a taɓa ta da tsumma ko tsinke, don nan take take tsinkewa.

Mafi haɗari ita ce kishiyar maganar farko, wato masu cewa fitilun nan ƙarya suke yi, a liƙe su da salatif a ci gaba da tafiya. Jar fitilar baƙin mai ko allurar zafi da ta haura ba abin gardama ba ne: a tsaya, a kashe injin, a zaro sandar awon mai, a jira lagireto ya huce kafin a buɗe shi. Mai yiwuwa sensar ce ta yi kuskure, amma sai an duba ake sanin haka. Fitilar da ke nuna ruwa a filtar gas ma ba ta wasa ba ce, musamman ga mai sayen man jarka, domin ruwa na lalata famfo da nozul, kuma tsiyaye shi ta ƙasan filta aikin minti kaɗan ne. Kada kuma wani ya kwance bututun nozul injin na aiki, kamar yadda ake yi wa tsofaffin motoci, domin matsin man kan wuce bar 1,000, yana iya huda fata.

Wani zai ce duk wannan sai mai na'ura, direban daji ina ya ga na'ura? To, soket ɗin OBD mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari doka ta wajabta shi a Amurka tun 1996, kuma yau ƙaramar na'urar da ake soka masa ta haɗu da wayar hannu ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba. P0335 na nuni da layin sensar karanshaf, P0100 na iska. Ba kowace na'ura ce ke karanta kowace mota ba, don haka a gwada ta tun a gari. Mai cewa tsohuwar mota ta fi aminci ma ya tuna ita ma famfo da giyarta na mutuwa. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, akasari mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta cim musu. Kowace iri ce motar, tafiya cikin ayari, ruwan da ya wuce lissafin kwanakin tafiya, da wayar Thuraya mai caji, wajibi ne kafin a bar Agadas.