Ƙara wa mota ƙarfin birki: abin da ya kamata ku sani

Yawancin motocin da ke jigilar jama'a tsakanin Sabon Birni, Isa, Shinkafi da Sakkwato sun gama ƙuruciyarsu a Turai kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Legas. Golf 3, wadda ba a rasa ta a tashoshin mota na wannan yanki, kamfanin Volkswagen ya fara ƙera ta a 1991, kuma kafin shekarar 2000 ya daina. An yi ta ne don mutum biyar da 'yan jakunkunansu, a kan lafiyayyar kwalta, a ƙasa mai sanyi. Nauyinta ya ɗan haura tan ɗaya, kayan da aka yarda ta ɗauka kuwa wajen rabin tan ne, har da mutanen ciki. Buhun gero biyar kaɗai ya cinye wannan rabin tan ɗin tun kafin fasinja ya zauna. A nan kuwa ranar Alhamis ana cika ta maƙil a nufi kasuwar Shinkafi, cikin zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ga matsalar tsaro da ta addabi gabashin Sakkwato, wadda ta sa direba ba ya son magariba ta same shi a hanya, akwai kuma wuraren da ba ya yarda ya sassauta gudu ko kaɗan. Don haka mai motar da ke neman hanyar ƙara wa birkinsa ƙarfi yana da hujja. Abin lura shi ne inda zai zuba kuɗinsa.

Matasa da yawa sun ga motocin tsere a waya, da manyan faifan birki masu huji-huji da jan kalifa ɗauke da sunan Brembo, sai su ɗauka cewa girman ƙarfe shi ne ƙarfin birki. Birkin faifai, wanda kanikawa ke kira dis, a fagen tsere ya yi suna. A 1953 motar Jaguar ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da irinsa, lokacin da abokan karawarta ke amfani da duram. Brembo kamfani ne na Italiya da aka kafa a 1961, kuma har yau yana yi wa motocin tsere birki. Amma matsalar da waɗannan manyan kaya suke magancewa ita ce zafi. Birki ba ya yin komai illa mayar da gudun mota ya zama zafi ta hanyar gugar fad da dis. Motar tsere tana saukowa daga kilomita 250 a awa zuwa 80, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta sake, haka har a tashi. Faifai mai faɗi da kauri ya fi ɗaukar wannan zafi, ya fi saurin fitar da shi. Wannan ne aikinsa.

Tsayawar gaggawa sau ɗaya kuwa, taya ce ke yanke hukunci. Idan birkin da ke motarka yana iya ƙulle tayoyi har su ja ƙasa, to ya riga ya kai iyakar abin da tayar za ta iya riƙewa, kuma ko ka ninka girman faifan, tazarar tsayawar ba za ta ragu ba. Abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. A kan yashin da iska ke shimfiɗawa bisa kwalta a ƙasar Gobir, ko a kan burji, riƙon ma ya fi haka rauni. Shi ya sa duk gyaran birki na gaskiya daga taya yake farawa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, tayoyin Beljiyam da yawa kuwa sun wuce haka tun kafin su baro Turai. Robar da ta tsufa takan bushe ta yi tauri ko da zanenta yana nan raɗau.

Akwai lissafi guda da ya kamata kowane direba ya haddace. Idan lodi ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka. Idan gudu ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu, tazarar tsayawa ma haka. Motar da ke kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafa ta bar totur ta kai birki an riga an wuce tsawon gidaje biyu ko uku. Babu kayan da ake sayarwa a kasuwa da zai soke wannan lissafi.

Abu na biyu bayan taya, wanda ya fi komai araha kuma aka fi wulaƙanta shi, shi ne man birki. Wannan mai yana shan laima daga iska sannu a hankali, kuma yawan ruwan da ya sha, saurin tafasarsa. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma idan ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. DOT 4 yana farawa daga 230, ya sauko 155. Idan man ya tafasa a cikin kalifa sai ya zama tururi, shi kuwa tururi matsewa yake yi. Direba ya taka, ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota ba ta ji ba. Bayan rabin awa komai ya huce, birki ya dawo kamar ba abin da ya faru, sai a ce aljanu ne ko tsautsayi. Hanyoyinmu ba su da gangara mai tsawo irin ta Jos, amma mota mai lodi da ke taka birki a kowane rami daga Goronyo zuwa Sabon Birni tana tara zafi mai yawa. Kamfanonin mota da dama sun ce a zubar da man duka a zuba sabo duk shekara biyu. Ƙari a kan tsoho ba canji ba ne. A sayi wanda aka rufe da hatimi, a guji na tsiyaye a robar ruwa. DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 suna iya haɗuwa, amma DOT 5 wani iri ne dabam da ba a gauraya shi da su.

Dole a faɗi wani abu ƙarara a nan. Zuba ruwan omo a madadin man birki, da toshe bututun tayar da ke yoyo da ƙusa don a ƙarasa tafiya, dabaru ne da suka zama jiki a wasu garejoji da bakin hanya. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, yana kuma sa tsatsa a cikin masta da kalifa. Motar da aka toshe wa taya ɗaya kuwa za ta fizge gefe ranar da aka taka ta da ƙarfi. Wanda ya yi haka don ya fita daga daji mai haɗari ana iya fahimtarsa. Wanda ya wayi gari ya yi lodin mata da yara a haka ba shi da uzuri.

Sai fad. A nan ne kayan kasuwa, waɗanda ba na kamfanin da ya ƙera motar ba, suke da amfani na gaske, a nan ne kuma jabu ya fi yawa. Ba duk kayan kasuwa ne marasa kyau ba. Kamfanoni irin su ATE, TRW, Textar, Ferodo da Bosch su ne ma ke yi wa masu ƙera motoci birki tun daga masana'anta. A Turai akwai ƙa'idar da ake kira ECE R90, wadda ta wajabta cewa fad na kasuwa kada aikinsa ya bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin 100. Wanda ya ci wannan gwaji yana ɗauke da harafin E da lamba da rubutun 90R a bayan ƙarfensa da jikin kwalinsa. Masu jabu suna kwaikwayon kwali, gaskiya ne, don haka a duba ƙarfen kansa, a duba ko rubutun ya fita tsaf, a kuma yi shakkar duk abin da farashinsa ya faɗi ƙasa warwas. Kayan da ke isowa Isa da Sabon Birni yawanci sun biyo ta Sakkwato ne ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sun ratsa hannaye da yawa. Gara ka riƙe mai shago ɗaya da zai karɓi kayansa idan sun ba da matsala. Fad na Beljiyam da aka ciro daga wata mota ba a san irin zafin da ya sha ba. Na tsere na ainihi kuma bai dace da motar haya ba, domin irinsa ba ya kamawa sosai sai ya yi zafi, yana kuma cin faifai. Idan naman fad ya ragu zuwa milimita 3, a canja, kuma a canja na dama da na hagu tare.

Faifai yana da iyakar sirancewa da aka buga a jikinsa, galibi da rubutun MIN TH. Idan ya kai nan, a yar. Mai huji-huji na araha yakan tsage daga bakin hujin, ga shi yashi yana samun maɓoya. Jan murfin roba ko gwangwani da ake manna wa kalifa don ya yi kama da Brembo ba birki ba ne, ado ne, kuma yana tare iskar da ke sanyaya ƙarfen.

Wani wurin da ba a cika dubawa ba shi ne baya. A ƙarƙashin Golf 3 da yawa, kusa da gatarin baya, akwai wani ɗan bawul da ke auna yadda mota ta zauna: idan lodi ya danne ta, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, idan babu kaya ya rage. Direbobinmu sukan sa sifirin mai tauri ko su ɗaga bayan motar don ta ɗauki buhuna. Da an yi haka, bawul ɗin sai ya riƙa ganin mota ba ta da kaya alhali tana nishi, aikin duka ya koma kan tayoyin gaba. Wani lokacin ma tsatsa ta daskarar da shi shekara da shekaru. Duk wanda ya taɓa sifirin baya ya sa bakanike ya duba wannan bawul, ya buɗe duram ya ga shu da ƙananan robobin da ke yoyo. Yaron gareji kuma kada ya hure ƙurar duram da baki ko da iska, a wanke ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin wasu kayan birki na araha har yanzu suna ɗauke da asbestos mai lalata huhu.

Mai son ɗauko babban birkin Golf VR6 ya sa wa ƙaramar Golf ya sani cewa ba faifai kaɗai zai saya ba. VR6 ƙusar taya biyar gare ta, ƙananan kuwa huɗu, don haka aikin zai ja hob da kalifa da rim, wataƙila har masta. Idan aka ƙarfafa gaba aka bar baya yadda yake, daidaiton da injiniyoyi suka auna ya lalace, motar ma tana iya ƙara nisan tsayawa. A motar da ke da ABS, kwamfutar an saita ta ne a kan birkin asali. Kuma wanda fitilar ABS ta kama a motarsa ya nemi gyara, cire ƙwan fitilar bai warkar da komai ba.

Bayan an sa sabon fad, kada a tafi tasha kai tsaye. A taka birki a tsaye sau da yawa har ya yi tauri, domin takun farko bayan canji yakan tafi fanko. Sannan a sami miƙaƙƙiyar hanya mara jama'a, mota babu fasinja, a kai kilomita 50 ko 60, a rage zuwa kusan 10 ba tare da tsayawa cak ba, a maimaita kamar sau goma, a bar shi ya huce da tafiya. Wannan ne ke sa fad ya kwanta a kan faifai. Daga nan a gwada taku ɗaya mai ƙarfi, hannu biyu a sitiyari. Idan mota ta ja gefe, ko birkin ya yi laushi, ko ka riƙe ƙafa a kansa ka ji yana nutsewa a hankali, ko taya ɗaya ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba, a koma gareji a ranar, kafin kamasho ya rubuta motar a layi.