Layin bakin tasha ba naka ba ne

Na gaji da ganin wannan ɗabi'a a wurin matafiyanmu na Gidigir a nan Nijar. Mutum zai bi ta Damagaram ya sauka Kano sarin kaya a Kantin Kwari, kafin ya karkaɗe ƙurar hanya ya ciro naira ya sayi layi a hannun wani yaro mai faranti a bakin tasha. "Alhaji, mai rajista ne, sa kawai ka hau WhatsApp." In ka yi magana sai a ce maka layi ai layi ne, ina ruwan wani da sunan da ke kansa?

Da ruwanka ƙwarai. Forfen da ka saya a gida na gida ne, shi ya sa baƙo ke neman layin ƙasar da ya sauka, wannan ba laifi. Laifin yana wurin sunan. Tun Disamban 2020 Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, hukumar sadarwa ta NCC kuma ta sa 14 ga Satumban 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe na rufe waɗanda ba a haɗa ba. Ashe layin farantin nan yana ɗauke da sunan wani da hotonsa da yatsunsa, kai kuwa ko a mafarki ba ka san shi ba. Ran da ya ga dama ya je ofis ya ce layinsa ya ɓata, za a ba shi sabo, naka ya mutu da megarka a ciki. In a kan layin ka buɗe WhatsApp, lambar shiga wurinsa za ta je, ya riƙa yi wa abokan cinikinka magana da sunanka, yana cewa a turo kuɗi. In kuma an taɓa kiran iyalan wani da layin ana neman kuɗin fansa, wa jami'an tsaro za su tarar da shi a aljihu? Araha ba ta ado.

Tsadar rumin, wato amfani da layin gida a wata ƙasa, da raunin rezo a kan iyaka su ma suna tura mutane ga layin faranti.

To, kafin ka taso, kashe rumin na intanet a layinka na Airtel, Moov ko Zamani, amma ka bar shi cikin wayar don saƙonni. Kada ka sauya lambar WhatsApp, ta Nijar tana aiki da intanet ɗin kowane layi. Sa mata lambar sirri ta biyu. In ka isa, nemi ofishin MTN, Airtel ko Glo da fasfonka, ka tambayi abin da ake nema ga baƙo, a yi rajista a gabanka. Fara da forfen mako ɗaya, ka hana bidiyo sauka da kansa, don shi ke cinye mega. Alhazai kuma, STC da Mobily da Zain na sayar da layi a Saudiyya da fasfo da yatsa, kada ku karɓi na hannun wani. Mai zuwa Mali ko Burkina Faso ya tambayi kamfaninsa, domin su da Nijar, wato ƙasashen AES, sun sa hannu kan cire ƙarin kuɗin rumin a Nuwamban 2024.

Wanda ya kasa samun layi da sunansa, ya roƙi maigidan da ya sauke shi ya buɗe masa intanet daga wayarsa. Kwana uku dai ne ka koma gida.